Tsakanin Dakalin Dattawa da Fadar Samari

 

Darasinmu na yau ya shafi mutum biyu da ake samu a kusan kowane gida: wanda ƙarfinsa bai zo ba tukuna, da wanda ƙarfinsa ya fara tafiya. A kusa da ƙarshen Suratur Rum an siffanta mana rayuwar ɗan Adam, yadda yake farawa da rauni, ya sami ƙarfi, sannan ya koma ga rauni da furfura. Mu da ke tsakiya, masu fita neman abinci, mun saba ɗaukar waɗannan biyu a matsayin nauyi biyu da ba su haɗa hanya ba: a nema wa yaro kuɗin littafi, a nema wa tsoho kuɗin magani. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, kowannensu yana riƙe da wani abu da ɗayan yake buƙata. Akwai ƙasashen da sai bayan sun raba tsoho da yaro suka gane haka, suka zauna suka tsara hanyar sake haɗa su, har suka auna abin da haɗin ya haifar. Ya kamata mu san yadda suka yi, domin mu ma mun kama hanyar rabuwar, ko da yake ba mu so a faɗa.

Mu fara da Amurka. A shekarar 1965, zamanin shugaba Lyndon Johnson, gwamnatin ƙasar tana cikin wani gagarumin aiki da ta kira yaƙi da talauci. A lokacin akwai gidajen marayu da gidajen renon yara masu naƙasa, inda yaro yake samun abinci da gado da magani, amma ma'aikaciya ɗaya ce ga yara masu yawa, babu mai lokacin da zai ɗauki yaro ya rarrashe shi ko ya kira shi da sunansa. A wani gefen kuma ga tsofaffi matalauta zaune su kaɗai a ɗaki, ƴaƴansu sun yi nisa. Sai aka kafa shirin da ake kira Foster Grandparent Program, ma'ana kakannin riƙo. An fara da tsofaffi wajen 800, masu shekara 60 zuwa sama, kuma masu ƙaramin ƙarfi. Kowanne yana zuwa kamar awa 20 a mako, a haɗa shi da yara ƙalilan da zai riƙa zama da su, yana ciyar da su, yana wasa da su, yana sauraronsu, a kuma ba shi ɗan ihisani da zai rage masa wahala. Shirin ya ɗore fiye da shekara hamsin, ya shiga makarantu da asibitoci, daga baya aka sassauta shekarun shiga zuwa 55.

Wani zai ji wannan ya ce, to, ai ga abin da rayuwar Turawa take jawowa, har kaka sai gwamnati ta ara maka. Kada mu yi saurin dariya. Mutanen nan sun ga ɓaraka suka ɗinke ta da abin da ke hannunsu, kuma a cikin ɗinkin sun koyi abubuwan da mu, da muka gaji abin kyauta, ba mu taɓa tsayawa mun tantance ba.

Shirin da ya fi koyar da mu shi ne na biyu, wanda ake kira Experience Corps, wato rundunar masu ƙwarewar rayuwa. An gwada shi a tsakiyar shekarun 1990 a birane biyar na Amurka, kuma cikin waɗanda suka tsara shi akwai wata likitar tsofaffi mai suna Linda Fried, wadda a lokacin take aiki a jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore, tare da wani mai suna Marc Freedman. Ita likitar ta lura cewa da yawa daga tsofaffin da ke zuwa wurinta da ciwo iri-iri, a ƙarƙashin ciwon akwai wani abu da ba a rubuta masa magani: sun wayi gari ba wanda yake jiransu, ba aikin da zai tsaya idan ba su tashi ba. Mutum ya yi shekara arba'in ana nemansa, sai rana ɗaya aka daina. Ta kuma san cewa ko ka gaya wa tsoho ya riƙa motsa jiki don lafiyarsa, kwana kaɗan zai yi ya bari. Amma idan ya san wani yaro yana zuba ido ga ƙofa yana jiran shigowarsa, zai tashi ko da gwiwa tana ciwo.

A ɗaya ɓangaren kuma, makarantun unguwannin talakawa suna fama da yaran da ke kaiwa aji uku ba su iya karatu ba. Wannan aji yana da muhimmanci ƙwarai, kuma malaman makaranta da ke saurarena sun san dalili. A shekarun farko karatun kansa ake koya wa yaro. Daga aji huɗu kuwa ana ɗauka ya riga ya iya, sai a yi ta ɗora masa lissafi da tarihi da kimiyya, duk a rubuce. Yaron da ya ƙetare wannan gaɓa bai iya haɗa baƙi ba, kullum ratar da ke tsakaninsa da ƴan ajinsu ƙaruwa take yi, har ya gaji ya bar makaranta, ko ya zama shi ne mai tada rigima a aji don ya ɓoye kunyarsa.

To, ga yadda aka tsara aikin a Baltimore, kuma a tsarin ne darasin yake. Ba a ce tsoho ya leƙo makaranta duk ranar da ya sami sarari ba. An nemi kowane mai shiga ya ɗauki alkawarin awa 15 a mako har ƙarshen shekarar karatu. An ba su horo kafin su fara. Ba a kuma tura mutum ɗaya ko biyu makaranta ba: ana tura su a ƙungiya, mutum goma sha biyar ko fiye, domin su cika azuzuwan ƙananan yara, yadda yanayin makarantar gaba ɗaya zai sauya, su kuma su zama abokan juna. Aikin da aka ba su aiki ne na gaske wanda shugaban makaranta ya ce yana buƙata: zama da yaro yana karatu ana gyara masa, kula da ɗakin littattafai, kwantar da rigima tsakanin yara. Galibin waɗanda suka shiga mata ne baƙar fata, ƴan unguwannin da makarantun suke, da yawansu ba su yi karatu mai zurfi ba.

Da aka zo aunawa, an raba masu son shiga gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suka fara aiki, wasu suka jira, don a kwatanta. A gwajin farko da aka yi da tsofaffi 128, bayan ƴan watanni an ga waɗanda suka fara aiki sun ƙara yawan motsi, sun ce sun ji ƙarfin jikinsu ya ƙaru, sun rage zaman kallon talabijin, kuma adadin mutanen da za su iya nema idan suna cikin matsala ya ƙaru. Ba abin mamaki ba ne: tafiya makaranta, hawa bene, sunkuyawa wurin yaro, duk motsa jiki ne da mutum bai ma san yana yi ba. Wata mai bincike, Michelle Carlson, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu daga cikin matan, ta ga sashen da ke kula da tsara tunani da tattara hankali ya ƙara kuzari bayan wata shida. Matan da aka yi wa hoton ba su da yawa, don haka kada a ɗora wa wannan sakamako nauyin da ya fi ƙarfinsa, amma ya dace da sauran abin da aka gani. Su kuma yaran, karatunsu ya gyaru, kuma an rage yawan waɗanda ake kaiwa ofishin shugaban makaranta saboda rashin ji.

Bayan haka wasu masana na jami'ar Washington da ke St. Louis suka bi yara sama da 800 a makarantu 23 na birane uku. Yaran da suka sami tsoho mai zama da su sun fi takwarorinsu ci gaba wajen furta sababbin kalmomi da fahimtar abin da suka karanta. Amma ga wurin da nake so ku riƙe: amfanin ya fi fitowa a kan yaran da aka zauna da su sau 35 ko fiye a cikin shekarar. Ziyara ɗaya, da hoto, da rabon alewa, ba ta sauya komai. Abin da ke aiki shi ne mutum ɗaya ya riƙa dawowa, ranar da ya ce zai dawo, har yaro ya yarda da shi.

Faransa ta bi wata hanya mai sauƙi. A garin Brest, tun 1985, wasu da suka ajiye aiki suka fara shiga wata makarantar firamare suna taimakawa a ɗakin littattafai. Daga wannan ne marubuci Alexandre Jardin da abokinsa Pascal Guénée suka kafa ƙungiyar Lire et faire lire a 1999. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya haura shekara 50. Sau ɗaya a mako zai zauna da yara kaɗan, galibi ba su wuce shida ba, ya karanta musu labari. Ba jarrabawa, ba maki, ba a kuma ce ya maye gurbin malami ba. So ake yaro ya haɗa littafi da jin daɗi da fuskar wani babba mai sakin fuska. Dubban mutane ne ke yin wannan aiki a faɗin ƙasar, kyauta. A Japan kuwa, inda kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65, akwai wani gida a Tokiyo mai suna Kotoen, wanda tun 1976 ya haɗa gidan kula da tsofaffi da makarantar renon yara a haraba ɗaya, suna motsa jikin safe tare.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na ƙasar Senegal. A yankin Velingara da ke jihar Kolda, inda Fulani suka fi yawa, wata ƙungiya mai suna Grandmother Project, wadda Judi Aubel take cikin waɗanda suka kafa ta, ta fara aiki da kakanni mata tun wajen 2008 a kan tarbiyyar ƴan mata. Abin da ta lura da shi kowa a nan ya san shi: masu ayyukan raya ƙasa sukan zo su tara matasan mata su yi musu bayani kan shayarwa ko karatun ƴaƴa mata, su tsallake tsohuwar da ke cikin gida, alhali ita ce za ta yanke hukunci idan an koma. Sai ƙungiyar ta juya al'amarin. Ta riƙa shirya zaman tattaunawa tsakanin kakanni da iyaye da malaman makaranta da limamai da matasa, ta shigar da kakanni cikin azuzuwa suna ba da tatsuniya da tarihin gari, ta kuma ƙarfafa zaman ƴan mata da tsofaffin unguwa, inda yarinya za ta iya tambayar abin da ba za ta iya tambayar uwarta ba. A ƙauyuka da dama, kakannin da ake zargi da riƙe tsohuwar al'ada su ne suka koma masu tsayawa a gaban uba su ce a bar yarinya ta ƙara girma, ta ci gaba da karatu.

Yanzu mu dawo gida. Halinmu ya sha bamban da na Japan. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Nijar sun haura miliyan 17, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba, yayin da masu shekara 65 zuwa sama wajen uku ne cikin ɗari. Su can tsofaffi ne suka yi yawa, yara suka yi kaɗan. Mu nan tsoho ne abu mai wuyar samu. Idan aka raba yaran ƙasar nan ga tsofaffinta, kowane tsoho zai tashi da yara fiye da goma sha biyar. Abin da yake da ƙaranci haka bai kamata a bar shi yana gyangyaɗi a gindin bango ba.

Kuma buƙatar tana nan. A binciken PASEC na 2014, wanda ke auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A na 2019 an sami ci gaba, amma har a lokacin mafi yawansu ba su kai ba. Malami ɗaya da yara sittin ko tamanin a cikin aji na zana, ta yaya zai zauna da kowane yaro ya ji inda harshensa yake sarƙewa?

Iyayenmu sun bar mana tsari mai hikima, sai dai ba su rubuta shi ba. Ku dubi kunyar da ke tsakanin iyaye da ƴaƴa, musamman ɗan fari, wanda uwa ba ta ko kiran sunansa. Al'adar da ta sa wannan shamaki ita ce kuma ta buɗe wata ƙofa: wasan kaka da jika. Kaka ta kira jikanta mijinta, ta kira jikanyarta kishiya, kakan ya ce da jikanya amaryarsa, a yi ta ba'a ana dariya. A ƙarƙashin wannan wasa ne yaro yake faɗin abin da ke damunsa, a kuma gaya masa gaskiya mai ɗaci ba tare da ya ji an ci masa fuska ba. Ɗakin kaka shi ne mafakar yaron da ya yi laifi, shi ne kuma makarantar dare inda ake jin labarin Gizo da Ƙoƙi, da kacici-kacici, da asalin dangi. Samari kuma suna da gayya, a taru a nome gonar wanda ƙarfinsa ya gaza, kuma waɗanda suka ga zamanin samariya a mulkin Seyni Kountché suna tuna yadda ake haɗa ƙarfin samari da shawarar dattawa a yi aikin gari.

Ina wannan yake yau? A Yamai da Maraɗi da Damagaram, ma'aurata da yawa suna zaune a gidan haya, kaka tana ƙauye, sai da Salla ake ganinta. Inda ma take cikin gidan, bayan sallar isha'i kowa ya sunkuya a kan salula, ko an kewaye talabijin. A bakin titi za ka ga dattawa a dakalinsu, can gaba kaɗan samari a fadarsu suna dafa shayi, tsakaninsu taku ashirin, amma abin da ke haɗa su bai wuce gaisuwa ba, wani lokaci ma sai harara. A ƙauyukan Adar da sauran wuraren da maza ke tafiya ci-rani matsalar ta sha bamban: an bar wa tsohuwa jikoki biyar ko shida, ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa, ita ce neman itace. Wannan tana tare da jikokinta dare da rana, amma gajiya ba ta bar mata bakin tatsuniya ba. Zama a gida ɗaya bai isa ya zama haɗuwa ba.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. A hadisin da Tirmizi da Abu Dawuda suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa tausayin ƙarami da sanin girman babba a magana guda, ya kuma nesanta wanda ya rasa su daga tafarkinsa. Mu kuwa mun fi riƙe rabi ɗaya, muna ta gaya wa yara su girmama manya, muna mantawa da abin da aka ɗora wa manyan. Shi da kansa ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umamatu, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Sayyidina Umar yana shigar da Abdullahi ɗan Abbas majalisar dattawan da suka halarci Badar, alhali yana matashi, har wasu suka nuna rashin jin daɗi, shi kuwa ya tambaye shi tafsiri a gabansu don su ga dalili. Shi ma Ibnu Abbas bai jira ilimi ya same shi a gida ba: yakan je ƙofar dattijo daga cikin sahabbai da tsakar rana, ya tarar yana barci, ya zauna yana jira iska tana watsa masa ƙura, har mai gidan ya fito.

Akwai kuma ƙissar da ke cikin Bukhari, wadda ya kamata kowane dattijo ya yi tunani a kanta. Wata rana Annabi ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ta yi kama da Musulmi, wadda ganyenta ba ya zuba. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce, amma da ya ga shi ne ƙarami a wurin, sai kunya ta hana shi magana. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Umar bai yaba masa a kan shirun ba. Ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi. Majalisar da yaro ba ya iya buɗe baki a cikinta ba za ta riƙe shi ba, zai tashi ya nemi inda za a saurare shi, kuma ba mu da iko a kan wanda zai saurare shi a can.

To, me za a iya yi ba tare da jiran wata ƙungiya daga waje ba? A kowace unguwa akwai malamin makaranta da ya ajiye aiki, da tsohuwar ungozoma ko ma'aikaciyar asibiti, da tsohon soja, da tsohon ma'aikacin gona. Kwamitin masallaci ko ƙungiyar iyayen yara za su iya zuwa wurin shugaban makarantar unguwa su tambaye shi yaran da karatu ya tsaya musu, a raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, a ba kowane dattijo nasa. Wanda bai yi boko ba kada ya ce ba shi da abin bayarwa. Wani ya iya ajami, wani yana da haddar da zai saurari tilawar yara ya gyara. Majemi da maƙeri da baduku da masaƙi suna riƙe da sana'ar da in ba su miƙa ta ba za ta bi su kabari. Tsohon manomi ya san dalilin da ya sa ake barin gawo a tsakiyar gona, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma san wane toho ake bari a kututture, wane ake sarewa. Da irin wannan sani ne manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka mayar da itatuwa a miliyoyin kadada tun daga shekarun 1980.

Matasa ma suna da nasu kason, domin haɗin da ɓangare ɗaya kawai yake bayarwa ba ya daɗewa. Saurayi zai karanta wa tsoho takardar likita, ya tuna masa lokacin shan magani, ya koya masa karɓar kuɗin da ɗansa ya aiko ta waya don kada a cuce shi, ya riƙe hannunsa zuwa asham. Akwai wani aikin da ya fi wannan daɗewa. Marigayi Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasar nan har zuwa 1974, ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara tarihin baka da tsofaffin rubuce-rubuce, kuma a Yamai aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a 1968, wadda aka sani yau da CELHTO. Masu binciken wancan zamani da manyan na'urori suke yawo ƙauye-ƙauye. Yau kowace fada tana da wayoyin da suka fi waɗancan na'urori ɗaukar murya. Me zai hana ƴan fada ɗaya su ɗauki dattijo ɗaya, su riƙa zuwa da shayinsu, su tambaye shi yadda aka kafa unguwar, da yadda aka tsira a yunwar 1973 da ta 1984, su naɗi muryarsa?

Akwai abubuwa biyu da za a iya faɗa a kan wannan, kuma duka biyun suna da gaskiya a ciki. Na farko, wani zai ce ai tsofaffin nan su ne ke cewa a zubar da dakashi kada jariri ya sha, su ne ke kai jinjiri a cire masa beli, su ne ke cusa wa yara camfi. Haka ne, ana samu. Amma tsohuwar da aka ware ba ta daina ba da shawara ba, sai dai ta ci gaba da ba da tsohuwar shawararta, tana kuma jin haushin waɗanda suka raina ta. Abin da aka gani a Senegal shi ne, idan aka zauna da ita cikin girmamawa, ungozoma da malami suka yi mata bayani, aka kuma saurari nata, ita ce za ta fi kowa tsayawa a kan gyaran. Shi ya sa ko a Baltimore sai da aka horar da masu aikin kafin a ba su yara. Furfura ba ta ɗauke wa mutum buƙatar koyo.

Na biyu ya fi nauyi. Yara amana ne, kuma ba kowane mai furfura ne abin amincewa ba. A Amurka ana binciken tarihin mutum kafin a bar shi ya kusanci yara, a Faransa kuma karatun a cikin makaranta ko ɗakin karatu ake yinsa, da sanin masu kula da wurin. Mu a nan mun san juna, wannan ya sauƙaƙa mana, da sharaɗin kada kunya ta hana a ce wane bai dace ba. A zauna a fili, a zaure ko harabar masallaci ko gindin itacen makaranta, a rukuni, kada a keɓe da yaro ɗaya. Ƴan mata su zauna da mata. A ajiye bulala, domin yaron da ya kasa karatu ya riga ya sha isasshen tsoro. Kada kuma zaman ya rikiɗe ya zama hanyar samun ƴan aike kyauta. Idan dattijon mai ƙaramin ƙarfi ne, iyaye su haɗa masa ɗan abin goro da kuɗin abin hawa, don kada aikin alheri ya ci abincin gidansa.

Saura maganar lokaci. A wannan wata kowa yana kusa da kowa: yaro yana kai wa maƙwabci kunun buɗa baki, ƴan tashe suna shiga gida-gida, sahu ɗaya ya haɗa mai sanda da mai ƙuruciya. Wata ne mai kyau na farawa, a rubuta sunayen dattawa da na yara tun kafin goman ƙarshe. Amma ku tuna da adadin nan na 35. Ko da za a zauna kowace rana ta azumi, kwana 29 ko 30 ba su kai ba. Idan aka sa rana biyu a mako, misali Alhamis da Asabar bayan la'asar, aka fara a makon da ya biyo bayan Salla, za a cika zama 35 a wajen farkon Safar. Idan rana ɗaya ce a mako, sai an yi wata takwas. Saboda haka kafin a watse daga sallar idi, a tabbata kowane rukuni ya san ranarsa da wurinsa, a kuma sa mutum ɗaya mai riƙe da littafin sunaye, wanda zai bi sawu idan dattijo ko yaro ya yi fashi sau biyu a jere.

Allah Ya karɓi azuminmu, Ya jiƙan magabatanmu.